Amsar Kawu Ga Ummi: Ta Wace Ƙofa Za Ki Shiga?

Ummi, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso mini bayan la'asar, sai da na kwana da shi a raina kafin na zauna amsa miki.

Kin ce a shirin horon nan da kika samu a Abuja, inda ake koya muku bin sawun kuɗin gwamnati da kwamfuta, an ce kowa ya zaɓi aiki ɗaya a mazaɓarsa ya je ya gani da idonsa. Ke kuma kin tarar da sunan garinmu a kasafin kuɗi, an ware kuɗin gyaran asibitin sha-ka-tafi har da ɗakin haihuwa, alhali da Babbar Sallah kin ga rufin a yaye, awaki na kwana a ciki. Kina tambaya ko a al'adarmu ya dace budurwa ta je gaban dagaci da kansila da irin wannan magana, tunda mahaifiyarki ta ce rashin kunya ne, za ki ja mana surutu.

Ya dace, 'yata. Amma kada ki raina tsoron mahaifiyarki. Ke za ki koma Abuja, ita ce za ta ci gaba da haɗuwa da matar kansila a gidan suna da wurin ta'aziyya.

Tambayar shugaba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun muna makarantar allo muke jin yadda aka tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari, aka tambaye shi inda ya samo yadin da ya ishe shi riga, bai yi fushi ba, ya sa ɗansa Abdullahi ya tashi ya shaida cewa shi ya ƙara masa da nasa rabon. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, su Malam Aminu Kano suka riƙa koya wa talaka ya tambayi dalilin abin da ake karɓa a hannunsa. Hajiya Gambo Sawaba mace ce kamarki, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan wannan hanya. Kakanki kuwa a cikin gwangwanin madara yake adana takardun harajinsa, ya rufe da tsumma, don ya san ranar da babu takarda a hannu babu mai sauraronsa. Ina tuna yadda ya yi ta hamdala a 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da nake akawu a ƙaramar hukuma, takardar wata rijiyar burtsatse ta bi ta teburina, an rubuta an haƙa, an biya. Na san ƙauyen, na san ko digar ƙasa ba a taɓa ba. Na yi shiru, na kira shirun nan girmama na gaba. Bayan shekara biyu na je ƙauyen ɗaurin aure, na ga 'yan mata suna tace ruwan kududdufi da gefen ɗankwali. Har gobe abin yana ci mini rai. Abin da na yi a ranar tsoro ne, na lulluɓe shi da rigar kunya.

Ku kuma kun zo a zamanin da aka share muku hanya. Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nema a rubuce. A shekarar ce wata ƙungiya mai suna BudgIT ta fara sauƙaƙa kasafin kuɗi yadda kowa zai gane, daga baya ta fito da dandalin Tracka don bibiyar ayyukan mazaɓu. Ki kuma tuna Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar tun daga 2010, an yi alkawarin kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, kuɗi suka maƙale. Matasa irinku, su Hamzat Lawal na shirin bin sawun kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, suna cikin waɗanda suka matsa har aka saki kuɗin a farkon 2013.

To, abin da al'ada ta tanada shi ne ƙofar shiga, kuma a nan ne 'yan boko suke yawan tuntuɓe. Ba a faɗa wa dagaci kwatsam. Mai unguwa ake fara gaisarwa, shi zai yi miki iso. Da ɗan gari akan ci gari. Idan kin isa zaure ki tuɓe takalmi, ki durƙusa ki ce ranka ya daɗe, ki bari ya tambayi gida da hanya, ya gane ke jikar wane ce. Wayarki ta zauna a jaka har sai an gama gaisuwa. Kada kuma ki buɗe baki da “ina kuɗin asibiti?” Sau tari dagaci ko labarin kuɗin bai ji ba, tambayar za ta zame masa tuhuma a gaban fadawansa. Ki ce kin ga wata takarda mai ɗauke da sunan garinsa, kin ga bai kamata ki riga shi sani ba, sannan ki karanta masa da Hausa, da adadin da shekarar. Daga nan maganar ta zama tasa, shi zai aika a kira kansila, ba ke ba.

Goron gaisuwa ba laifi ba ne, ki tafi da shi. Amma duk wanda ya miƙo miki kuɗin mota, kansila ne ko ɗan kwangila, ki yi godiya ki ce an riga an biya miki. Idan ya karɓu sau ɗaya, bakinki ya rufu ke nan.

Kasancewarki mace da ake ganin shi ne cikas, ni a nan nake ganin ƙarfinki. Abokan horonki maza iyakarsu zaure. Ke kuwa za ki shiga har ɗaki, ki zauna da ungozoma, ki ji wace ce ta haihu a bayan a-kori-kura kan hanyar babban asibiti, wace ce ba ta kai ba. Ki saurara fiye da yadda za ki rubuta, kada kuma ki ɗauki hoton matar aure ba da izininta da na maigidanta ba.

Sai ki yi hattara da kalmar ɓarawo. Na yi shekaru da takardun nan: ware kuɗi daban, sakin kuɗi daban. Wani aikin ma za ki tarar an cusa shi ƙarƙashin wata hukuma da babu ruwanta da lafiya. Ki rubuta wa hukumar da aikin yake ƙarƙashinta, ki karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, ki jira kwanakin da doka ta ba su. Facebook shi ne na ƙarshe, bayan dagaci da mutanen gari sun san abin da za ki fitar.

Na lura da ke, Ummi. Bara idan kin zo hutu maganarki ba ta wuce ƙasa ta lalace, kowa macuci ne. Yanzu kuwa kina cewa wace shekara, wace ma'aikata, nawa aka saki, har kina tsayawa ki tambayi tsohon kawunki yadda ake shiga zaure. Wannan ya faranta mini rai fiye da takardar shaidar da za su ba ki.

Ki zo ranar Alhamis da kwafi uku na shafin kasafin, ɗaya na dagaci, ɗaya na mai unguwa, ɗaya naki. Ni zan raka ki, amma ke za ki yi bayani. Mahaifiyarki kuma ki bar ni da ita, gobe bayan magariba zan je gidan. Allah Ya yi miki albarka.