Tambayi Likita: Yaranmu da maganin ƙanjamau

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan saƙonni uku ne suka haɗu a kan abu ɗaya, duk kuma daga 'yan'uwanmu na Sudan, sai na ce bari mu bar musu shafin gaba ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda suka roƙa. Masu tambayar hawan jini da suga ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ɗan ƙanwata nake riƙo, Allah ya yi mata rasuwa yana ƙarami, da cutar aka haife shi, yanzu shekararsa 11. Da muna Madani ba ma fashin karɓar magani, da yaƙi ya shigo garin muka gudo Gadarif daga mu sai kayan jikinmu, katin mustashfa (asibiti) ma can muka baro shi, sai da ya yi watanni ba ya shan komai kafin muka gano inda ake bayarwa. Yanzu wani iri aka ba mu ba irin na da ba. Shin fashin nan ya lalata maganin? Sannan yaron ya fara matsa min, wai Inna maganin mene ne nake sha kullum alhali lafiyata lau, ni kuma ce masa nake na ƙarin jini ne. Wallahi tsoro nake ya faɗa wa yaran unguwa. Wata uwa, Gadarif.

AMSA: Hajiya Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan ƙanwarki. Ba ke kaɗai ba ce, tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023, sannan Madani ta faɗi a Disambar shekarar, mutane da yawa abin da ya same su kenan.

Fashin ba abu ne mai kyau ba, ba zan ɓoye miki ba, in aka daina sha ƙwayar cutar cikin makonni kaɗan take dawowa ta cika jini. Amma ba a makara ba. Wanda aka ba ku yanzu ina kyautata zaton mai ɗauke da dolutegrabir ne, duba jikin robar za ki ga an rubuta DTG. In shi ne to kun ci riba, domin shi ƙwayar cutar ba ta saurin gane kansa ta bijire masa kamar su nebirafin na da. An yi wani babban bincike mai suna ODYSSEY a kan yara da matasa sama da 700 a Uganda, Zimbabuwe, Afirka ta Kudu, Tailan da wasu ƙasashen Turai, sakamakon ya fito a 2021, bayan kusan shekara biyu waɗanda maganin ya gaza musu cikin masu shan dolutegrabir kashi 14 ne cikin ɗari, masu shan tsofaffin magunguna kuma kashi 22. Abin da za ki nema a wajen daktan: a auna nauyinsa duk zuwa, domin da nauyi ake ba yaro magani ba da shekaru ba, a duba shi ko akwai tarin fuka musamman in yana tari ko zufan dare ko rama, sannan bayan wata uku zuwa shida a yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. Ki ɗauki hoton katin da na robar maganin a waya, ki tura wa wani amintacce ya ajiye, ba fata muke ba amma kin ga yadda rayuwar ta zama.

Yanzu maganar ƙarin jini. Hajiya wannan ƙaryar tana da haɗari biyu. Na farko, ranar da wata maƙwabciya mai son alheri ta ji an ce yaro jini ne bai ishe shi ba, sai ta kawo muku ƙwayar ƙarin jini ta gaske daga saidaliyya, wato kantin magani, ita kuma sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana kama dolutegrabir a ciki ya hana shi shiga jini, haka ma maganin ƙarin ƙashi da farin ruwan nan na gyambon ciki. In dole sai an sha, a ba da tazara, DTG ɗin awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, yaron da aka ce wa na ƙarin jini ne, ran da ya ji ƙarfi a jikinsa yana buga ƙwallo da sa'o'insa sai ya ga ai jinin ya ishe shi, ya fara jefa ƙwayar bayan katifa ko cikin masai ya ce miki ya sha. Wannan ba sabon abu ba ne a wajen masu duba yaran nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ta ce yaron da ya kai shekarun makaranta a gaya masa, a hankali a hankali gwargwadon hankalinsa, kuma kafin ya wuce 12 ya san sunan cutar. Ba a zama ɗaya ake yi ba. Ki fara da cewa akwai wata ƙwayar cuta a jininsa tun yana jariri, maganin ne yake sa ta barci, in an daina ta farka. Ki bar shi ya yi tambaya. Bayan kwanaki ku je tare wajen mai ba da shawara a cibiyar, ku faɗi sunan tare. Zai tambaye ki mahaifiyarsa, ki shirya wa wannan, ki ce masa ita ma ba ta san tana da shi ba a lokacin in haka ne gaskiyar, kuma ba laifin kowa ba ne. Batun yaran unguwa kuwa, ɗan shekara 11 ya san sirri sarai, ki ce masa maganar gida ce, ni da kai da dakta. Ni abin da nake tsoro shi ne ya karanta sunan maganin a waya shi kaɗai da daddare, ko ya ji a bakin wani cikin gori, daga nan ba zai sake yarda da maganarki ba, har da ta shan maganin.

TAMBAYA: Ina da ciki wata bakwai, a wajen awo aka gano ina da shi, na fara magani. Mijina ya sani amma uwar mijina ba ta sani ba. In na haihu in shayar ko in ba da madarar gwangwani? In ban shayar ba sai ta tambaya. Wata 'yar'uwa, Mai Wurno.

AMSA: Ƙanwata ki shayar. A inda ruwa ba tabbas, kahraba (wutar lantarki) ba tabbas, gwangwanin madara kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, gudawa ta fi saurin kashe jariri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce uwa mai shan magani ta ba da nono zalla wata shida, ba ruwa ba rubutu ba zuma, sannan ta ci gaba tare da abinci har aƙalla shekara ɗaya, tana iya kaiwa biyu. Sharaɗin kawai kar ki yi fashin maganinki ko na rana ɗaya.

In ba magani, cikin jarirai ɗari 15 zuwa 45 ne ke ɗauka, da magani kuwa abin yana sauka ƙasa da biyar. Tun 1994 aka fara gane haka a wani bincike na Amurka da Faransa, inda maganin AZT shi kaɗai ya rage ɗauka da kashi biyu cikin uku, na yanzu kuma sun fi shi nesa ba kusa ba. Ki yi ƙoƙari ki haihu a mustashfa domin jaririn ma akwai nasa na ruwa da za a fara ba shi tun ranar farko. A sati huɗu zuwa shida a yi masa gwajin PCR, wanda ke neman ita ƙwayar cutar kanta a jini, ba irin gwajin tsinken nan na manya ba, shi wannan kafin wata 18 garkuwarki yake gani a jinin yaro sai ya tayar miki da hankali a banza. In ma Allah ya ƙaddara ya ɗauka, kar a ce a jira ya yi wayo. Binciken CHER a Afirka ta Kudu, 2008, ya nuna fara magani tun jariri bai kai wata uku ba ya rage mutuwa da kashi 76 cikin ɗari, alhali in an bar su rabi ba sa kai shekara biyu. Yanzu ma akwai ƙaramar ƙwaya ta jarirai da ake narkawa a ɗan ruwa, mai ɗanɗanon kayan marmari, daga sati huɗu da kilo uku, ba kamar sirof ɗin da ba mai ɗacin tsiya da sai an sa a firji. Uwar miji kuma, jarirai ai kullum cikin shan magani suke, ke da mijinki ku yanke abin da za ku ce.

TAMBAYA: Shekarata 17, tun ina yaro nake sha, na gaji wallahi. Na gani a Facebook an ce an samu allura sau biyu a shekara, wani kuma ya ce an warkar da wata yarinya a Amurka. Gaskiya ne? Kuma zan iya azumi? Zan iya aure? Wani matashi, Kassala.

AMSA: Ɗana gajiyar nan ba ka yi laifi ba, shekarunku ne aka fi samun masu ajiye magani a duk duniya, sai dai Facebook ya haɗa maka labari uku ya dama.

Allurar sau biyu a shekara da aka yi ta yayatawa, lenakafabir, rigakafi ce ga wanda bai da cutar. An gwada ta a kan 'yan mata a Afirka ta Kudu da Uganda, a 2024 aka sanar cewa cikin sama da 2,000 da aka yi wa ba wadda ta kamu. Wadda ta shafe ka daban ce, allurai biyu duk bayan wata biyu, Amurka ta amince da ita ga 'yan shekara 12 zuwa sama a 2022. Amma sai wanda ƙwayar cutar ta riga ta kwanta a jininsa ake yi wa, ɗaya daga cikin alluran kuma sai da firji, kuma in ka makara zuwa allurar ka fi mai ƙwaya shiga matsala, to ka duba halin hanya da wuta a ƙasar nan ka ga ni me ya sa nake cewa ka riƙe ƙwayarka tukuna. Wanda ke son allurar gobe, shan ƙwayar yau ne zai sa ya cancanta.

Yarinyar Amurka kuwa, ta jihar Misisifi, an fara mata magani tana da awa 30 a duniya, daga baya aka daina, ta yi wata 27 ba a ga cutar ba, duniya ta ɗauka an gama, sai ga ta ta dawo a 2014. Ana nan ana bincike a kan jariran da aka fara wa da wuri haka, wasu sun yi wajen shekara ba magani, amma a ƙarƙashin idon likitoci ana ɗibar jininsu a kai a kai. Duk wanda ya ce maka yana da maganin warkewa a kwalba, a kasuwa ko a WhatsApp, kuɗinka yake so.

Azumi, in jikinka lau kuma ƙwaya ɗaya kake sha a rana, ka mayar da ita lokacin buɗa baki ko sahur, ka tsaya a kan lokaci ɗaya, ka sanar da daktanka kafin watan ya kama. In kana rashin lafiya kuma ka san addini ya yi rangwame.

Aure kuwa sosai ma. Binciken PARTNER a Turai ya bi ma'aurata da ɗaya ke da cutar ɗaya babu, matuƙar gwaji ya nuna ba a ganin ta a jini, ba wanda ya sa wa abokin zamansa. Za ka yi aure ka haihu, yaran lafiya lau in sha Allah, da sharaɗin yarinyar ta sani kafin a ɗaura. Ka sake rubuto min ka faɗa min yaushe rabonka da gwajin yawan ƙwayar cutar da abin da ya nuna, kuma in akwai kwanakin da kake tsallakewa ka faɗa wa daktanka gaskiya, ba duka zai yi maka ba.