Tambaya da Amsa: Za mu Ghana biki, ina ya kamata mu leƙa?

Tambaya: Salam Anti, don Allah ni da maigida za mu Accra bikin ƙanwarsa a Nima, muna da rarar kwana uku bayan biki, kuma ni tunda nake ban taɓa ganin teku ido da ido ba. Ina za mu je? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri. Ni dai shawarata kar ki ƙarar da kwanakin nan a Labadi Beach, ki je da yamma ɗaya ki ga teku ki hau doki ya isa. Ku sammako ku shiga mota a tashar Kaneshie sai Cape Coast, wajen awa uku ne in babu goslo.

Can ne gidan bayin da Obama ya ziyarta a 2009. Mai zagayawa da ku zai saukar da ku kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, duhu, zafi, iska sai ta 'yar kafa can sama, wallahi minti biyar na yi numfashina ya fara sama-sama, su kuwa bayin Allah sai su yi watanni a ciki suna jiran jirgi, kuma abin da ya fi tsaya min a rai, daidai saman kurkukun nan Turawa suka yi cocinsu. Daga nan sai ƙofar da in an fita ba a dawowa. Kina leƙawa sai ga masunta da kwale-kwale masu fenti kala-kala suna ɗinkin koma, yara na wasa a yashi.

Kar ki ce tarihin wasu ne. Da yawa daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga, ƙasar Gwanja ɗin nan da kakanninmu fatake ke zuwa sarin goro. A Assin Manso akwai rafin da aka ce nan suke wankan ƙarshe.

Washegari ku wuce Elmina, kusa ne sosai. 'Yan Fotugal suka gina gidan bayin can a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Ki tsaya a tsakar gidan mata ki ɗaga kai ki ga barandar da gwamnan Turawa ke tsayawa yana zaɓen wadda yake so cikin bayi mata. Ki riƙe hankici. Kawai ki sani ranar Talata masunta ba sa shiga teku, in kina son ganin hada-hadar kifi ki zaɓi wata rana.

In kina da zuciya akwai gadar igiya ta dajin Kakum, saman bishiyoyi, tana lilo.

Abinci kuwa ki nemi zango, wajen kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast za ki ji Hausa, ga koko da ƙosai ga shinkafa da wake da suke kira waakye. Biza babu tunda ECOWAS ce, amma ki taho da fasfo da katin rigakafin shawara. Kuma don Allah kar ki wuce gwiwa a ruwan nan, igiyarsa na ja.