Son jikinki ba ya hana ki auna jini

'Yar'uwa, kin ce nauyinki kilo 98, dangin miji na cewa hutu ne ya karɓe ki, ƙawaye kuma na yi miki ba'a, kin rasa wa za ki saurara. Ki bar su duka, ki saurari gwiwarki da numfashinki.

Ni ma na taɓa kaiwa nan. Ban tsani jikina ba, ina ɗinka atamfata daidai ni, in shiga biki abina. Amma ranar da na hau bene a Sabon Gari na tsaya ina haki, sai na wuce asibitin koyarwa na Shika aka auna min jini da suga. Hawan jini da ciwon suga ba sa sallama.

Ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki. In ya wuce santimita 88, ki ga likita. Rage kilo 5 zuwa 10 ma yana taimakawa. Tafiyar minti 30 bayan la'asar, a rage lemon kwalba da lodin tuwon dare. Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, yawanci gudawa kawai yake sa mutum. Kada kuma ki horar da kanki da yunwa, ƙibar dawowa take yi.