Gandalf ba maye ba ne: amsoshin wasiƙunku kan The Hobbit da katun ɗinsa

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato gardamar da ta kaure tsakanin masu karatu a kan littafin The Hobbit na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a Ingila a 1937, da katun ɗinsa da kamfanin Rankin/Bass ya shirya wa gidan talabijin na NBC a Amurka a 1977. Labarin Bilbo ne, wanda ya bi tsoho Gandalf da Thorin da mutanensa, su goma sha uku, don ƙwato dukiyar kakanninsu da Smaug ya danne a cikin wani dutse. Wasu na bayan littafi, wasu na bayan katun. Ni ba alƙalin fim ba ne, amma tunda da Hausa ake gardamar, har ana jifan juna da karin magana, ga abin da ya sawwaƙa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Malam, na ce wa abokina katun ɗin ya fi littafin, ai gani ya kori ji. Shi kuma ya ce na yi wa karin maganar karan tsaye. Wa ke da gaskiya?"

Abokinka ne da gaskiya, ɗana. Ana cewa gani ya kori ji ne idan an daɗe ana ba mutum labarin wani abu, sannan ya je ya gane wa idonsa abin da kansa, shakka ta kau. To kai me ka gani? Dutsen da Smaug yake kwance a ciki babu shi a duniya balle ka je ka duba. Abin da ka kalla shi ne yadda wasu masu zane a Japan, a wani kamfani mai suna Topcraft, suka fahimci labarin, aka matse shi cikin abin da bai kai minti 80 ba. Ashe kai ma ji ka yi, ji ɗin ma na bakin wani. Wanda ya karanta littafin shi ya ji daga bakin mai labari.

Dubi abin da matsewar ta cinye. Beorn, mutumin nan da ke rikiɗa ya zama dabba, wanda ya sauke matafiyan ya ciyar da su, babu shi a katun ko sama ko ƙasa. Arkenstone, dutse mai daraja da Thorin ya fi so a kan duk dukiyar kakanninsa, shi ma an cire shi, alhali a kansa ne aka gane wane ne Bilbo: ya ɗauke shi, ya fita da dare ya miƙa wa waɗanda suka kewaye dutsen, don ya tilasta wa Thorin sulhu, kuma ya koma wurin abokan tafiyarsa ya amsa cewa shi ya yi. A littafi mutum uku ne suka mutu daga cikin goma sha ukun, Thorin da Fili da Kili. Katun ya mai da su bakwai. Idan karin magana kake nema da ta dace da halinka, ga ta: hangen Dala ba shiga birni ba. Ban ce katun ɗin ba shi da kyau ba. Zanen duwatsu da dazuzzukansa abin kallo ne, kuma daga cikin ma'aikatan Topcraft ɗin nan ne wasu suka koma kamfanin katun na Studio Ghibli da aka kafa a 1985. Amma ku daina ɗauko karin magana don kawai kalmar "gani" ta fito a ciki.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya: "Katun, zane mai motsi, ko majigin yara, wanne ya fi?"

Duka ukun ana ji, Malama. Katun aka fi faɗa, zane mai motsi ya fi kyau a rubutu. Majigi ma aro ce daga Turanci, ta dai daɗe ne har ta zama 'yar gida.

Wani daga Kumasi ya rubuto: "Na ga ana ta cewa mayen nan Gandalf. Daidai ne?"

Ba daidai ba ne, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke ɓata mini rai da masu fassarar gaggawa. Sun buɗe ƙamus, sun ga kalmar farko, sun ɗauka. Maye a wurin Bahaushe shi ne wanda ake zargi da kama kurwar mutum ya cinye, wanda ake cewa da ƙanƙara a cikinsa, wanda ake tilasta wa ya tsallake mara lafiya don ya sake shi. Kalma ce mai nauyi da ta raba aure, ta kori tsofaffi daga unguwanninsu, ta kai mutane gaban alƙali. Kurwar wa Gandalf ya kama? Tsoho ne mai sanda da doguwar hula da gemu, mai yawo gari gari, mai sanin harsuna da tsofaffin labarai, wanda in abu ya ɓaci yakan kunna wuta ta hanyar da ba a saba ba.

Boka ma ba ta hau ba, don boka magani yake bayarwa, ana zuwa wurinsa da kuka a biya shi. Matsafi yana da abin da yake yi wa yanka. Masihirci ta ɗan matso, sai dai ta zo da hukuncin addini a goye, kuma mai littafin bai nufi mutumin banza ba. Ni da za a bar ni, hatsabibi zan ce. Hatsabibi shi ne wanda ba a gane kansa, yana ɓacewa lokacin da ake nemansa, ya ɓullo inda ba a zata ba, ana shakkarsa kuma ana buƙatarsa. Wanda ya karanta littafin ya san haka Gandalf yake yi wa mutanensa tun daga farko har ƙarshe. In an ce mayen ƙwallo ko mayen shayi, wannan wasa ne da kowa ya gane, haka ma mayen ƙarfe. Amma a ɗauki kalmar tsurarta a liƙa wa dattijon kirki, yaro ya tashi yana jin maye abokin tafiya ne, wannan sakaci ne.

"Su Thorin fa, wadanni za a ce?" in ji wani daga Gusau.

A ce wadanni, babu laifi, muddin an gane cewa a labarin al'umma ce guda ta maƙera da mahaƙa, da sarautarsu da harshensu. Sunayensu kuwa, har da na Gandalf, Tolkien ya tsinto su ne daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai. Malamin tsohon Ingilishi ne a jami'ar Oxford, tonon tsofaffin kalmomi sana'arsa ce.

Wata daga Katsina ta ce: "Yarana sun ce Smaug na katun bai ba su tsoro ba, wai fuskarsa kamar ta kyanwa. Ni kuma tambayata, dodo ne shi?"

Yaranki sun iya kallo, Hajiya, haka aka zana shi, da gashi a fuska da idanu masu haska wuri kamar tocila. Dodo kuwa kalma ce mai faɗi. Dodon tatsuniya ba shi da siffa ɗaya, duk abin da ke haɗiye mutane ko ake tsorata yara da shi dodo ne, shi ya sa ba za a ce kin yi kuskure ba. Sai dai Smaug jinsin maciji ne, mai fiffike, mai aman wuta, mai sulke a jiki in ban da wani ɗan gurbi a ƙirjinsa na hagu inda kibiyar Bard, maharbin da ya kashe shi, ta shige. In ana son a fayyace, a ce dodon maciji. Mu da muka tashi da labarin macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura ba baƙi ba ne ga macijin da ya tare abin da jama'a ke buƙata.

Ita kuma ta ƙara da cewa kwaɗayi ne ya kashe shi. A'a. Kwaɗayi son abin da ba ka da shi ne, yawu na tsinkewa. Smaug yana kwance a kan zinariyar da ba ya ci, ba ya sha, ba ya kashewa, amma da aka ɗauke masa kofi ɗaya tak sai da ya gane. Wannan haɗama ce da rowa suka haɗu. Thorin ma da dukiyar ta dawo hannunsa cutar da ta kama shi ke nan.

Wani dattijo daga Damagaram ya ce: "Wasan da Bilbo ya yi da Gollum a cikin kogo, kacici-kacici ne irin namu?"

Baba, ka taɓo inda nake so. Irinsa ne, har akwai wanda ya zo daidai da namu. Bilbo ya tambayi akwatin da ba shi da murfi ba shi da makulli amma da zinariya a ciki. Mu kuma muna cewa ɗakin saurayi ba ƙofa. Amsar duka biyun ƙwai. Bature ya leƙa ciki ya ga gwaiduwa, Bahaushe ya tsaya a waje ya ga santsin bango. Akwai kuma na haƙora, da na iska, da na duhu, da na kifi, da na lokaci. Katun ya rage yawansu, kuma a ganina nan ya fi yin asara, don wannan babin shi ne zuciyar littafin.

Bambancin yana wurin abin da aka sa a faifai. A wurinmu ana buɗewa da ƙulin ƙulifita, in ka kasa sai ka ce na ba ka gari, mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina, ko ya raina garin ya ce a sake masa, a yi dariya, sannan ya faɗi amsa. A kogon Gollum, halittar da Bilbo ya tarar a ƙarƙashin dutse, babu ba da gari. In Bilbo ya kasa, cinye shi za a yi, in ya ci, a nuna masa hanyar fita. Tambayarsa ta ƙarshe kuwa, wai me ke cikin aljihunsa, ba kacici-kacici ba ce, kuma littafin da kansa ya amsa haka. Sharaɗin kacici-kacici shi ne amsar tana ɓoye cikin maganar, mai hankali zai iya tono ta. Baba na ɗaka gemu na waje, in ka yi tunani za ka kai ga wuta da hayaƙi. Abin da ke aljihun wani kuwa sai dai canke. Da a dandali ne, yara ba za su yarda ba. Wani abin da masu gardamar ba su ambata ba: a bugun 1937 Gollum da kansa ya yi alkawarin ba da kyauta in Bilbo ya yi nasara, zobensa mai sa mutum ya ɓace yake nufi, wanda Bilbo ya riga ya tsinta ya sa a aljihu. Sai a bugun 1951 Tolkien ya sake rubuta babin ya mai da shi mai mugun nufi, don ya dace da babban labarin da ya biyo baya, The Lord of the Rings. Masu cewa a bar littafi yadda yake, ku sani mai shi ma ya taɓa shi.

Kuma a tuna, tsofaffinmu da yawa tatsuniya suke ce wa kacici-kacici ma, ba su raba sunan ba.

Wata tambaya daga Garwa: "Littafin tatsuniya ne ko almara?"

Ƙagaggen labari ne mai ɗauke da almara. Tatsuniya ba ta da mai ita, kaka ta ba jika, kowa ya ƙara gishirinsa. Wannan kuwa an san wanda ya rubuta shi, da kamfanin da ya buga, George Allen & Unwin, da shekarar.

Mai tambaya ko za a ce wa Bilbo "ɓarawon zaune", tunda a matsayin ɓarawo aka ɗauke shi a tafiyar, a'a, ba shi ba ne. Ɓarawon zaune shi ne mai sayen kayan sata. Bilbo da ƙafarsa ya shiga.