Wa ke sa hannu kafin a sayo wa soja makamai?

Malam, ka tambayi wa ke amincewa da sayen makaman sojojin Najeriya, da kuma dalilin da ya sa ba ma ƙera namu.

Rundunar da ke da buƙata ita ke miƙa ta ga Ma'aikatar Tsaro, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta sa kuɗin a kasafi. Sai dai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro, ba ta hawa kansu sai da yardar Shugaban Ƙasa. A ganina nan gizo ke saƙa, don da ka yi tambaya sai a ce maka sirri ne.

Dubi jiragen yaƙin Super Tucano guda 12. A 2018 Buhari ya sa aka biya Amurka dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai, daga baya ya rubuta wa majalisa yana neman amincewarta. 'Yan majalisa suka yi ta kumfar baki. Jiragen ba su iso ba sai 2021.

Batun ƙira a gida kuwa, DICON, hukumar gwamnati mai ƙera makamai, tana Kaduna tun 1964, tana yin harsasai da ƙananan bindigogi, a 2019 ma aka ƙaddamar da motarta mai sulke, Ezugwu. Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokarta a 2023. Jirgin yaƙi kam, har yau sai an sayo daga waje.