Tambayoyinku: fodkas ɗin kuɗi, na kimiyya da na ƴan fim

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan keke napep ne a Jekadafari cikin Gombe, kusan wuni nake da iyafis a kunne ina jin fodkas, wato shirye shiryen hira da ake ɗorawa a intanet, na labarai da siyasa da harkar kuɗi. Wani da nake bi kullum yana cewa mu saka kuɗi a wata manhaja wai cikin wata ɗaya za su ninka, wani kuma yace a sayi dala kawai a ajiye. Dan Allah wa zan yarda dashi? Ga data ma tana cinye min ciniki.

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya bada kasuwa. Kar ka saka ko sisi a wannan manhaja, wannan amsar kenan kafin komai. Masu tsarin zuba kuɗi na MMM a 2016 ribar kashi 30 a wata suka yi alkawari, a watan Disamba suka rufe asusun mutane. CBEX kuwa ninki suka ce cikin kwana 30, a Afrilun 2025 ta rushe, har yanzu akwai waɗanda basu farfaɗo ba, kuɗin auren ƴaƴa da jarin shago duk sun tafi. Dabarar ɗaya ce kullum, da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sabbin shigowa suka ragu shikenan an rufe. Sabuwar dokar zuba jari da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka. Duk kamfanin da zai karɓi kuɗinka ya juya maka dole yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, ka shiga shafinsu ka nemi sunan, in babu toh ka riƙe kuɗinka.

Abinda nake so ka gane game da fodkas shine babu edita a kansa. Gidan rediyo irinsu Globe FM a Bauchi ko Jewel FM nan wajenku suna da lasisi, akwai hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a kansu, in suka yi ɓaranɓarama za ta tuhume su. Mai fodkas waya ce da makirfo kawai, wani ƙwararre ne da ya san aikinsa wani kuma jiya ya fara karanta abin, kuma muryarsu duk ɗaya take fita da ƙarfin gwiwa. Ni ina jin fodkas sosai kuma ina ƙaruwa, amma kafin in ɗauki maganar mutum sai na san waye shi, me ya karanta ko wace sana'a yayi, sannan waye yake biyansa. Wanda yake baka lambar da zaka saka in zaka yi rajista, kaso yake samu a kanka, talla yake yi ko da bai faɗa ba. Haka na siyasa, yanzu da zaɓen 2027 ke matsowa sojojin baka sun koma ɗaukar shiri mai kyau da fitilu da kujeru, ka lura in mutum bai taɓa ganin laifin gwaninsa ba ko sau ɗaya.

Ka dinga duba ranar da aka saki shirin ma, wannan mutane na sakaci dashi. Shirin da aka ɗauka kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin litar mai tana wajen naira 190, duk lissafinsa na sufuri ya tashi a banza bayan cire tallafi da lita ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, ga kuma sakin farashin naira da babban bankin ƙasa CBN ya yi a watan Yuni na shekarar. Kai da kake sayen mai kullum ka fi kowa sanin wannan. Batun dala kuwa ba damfara bace amma babu wanda zai rantse maka zata hau, tana hawa tana sauka, kuma kuɗin da zaka buƙata gobe in taya ta fashe ba na ajiyewa a dala bane.

Data: ka daina kallon bidiyon, sauti kawai ka sauke. Awa ɗaya ta sauti bata wuce MB 30 zuwa 60, bidiyon awa ɗaya kuwa sai ya ci ɗaruruwa. Ka sauke da daddare da datar dare mai arha ka ji da rana. Kuma dan Allah kunne ɗaya ya zama a buɗe in kana tuƙi, akwai fasinja a bayanka.

Malam barka da aiki. Ɗaliba ce ni a ATBU Bauchi, ina son shirye shiryen kimiyya amma duk da turanci suke kuma suna sauri bana kama komai. Babu na Hausa ne?

Ƙanwata, na Hausa a kan kimiyya zalla sun yi ƙaranci gaskiya kuma abin yana damuna. BBC Hausa da ta fara tun 1957, da DW da RFI, suna ɗora shirye shiryensu a intanet, zaki samu na lafiya da muhalli da fasaha a ciki. Na turancin kuma ki rage gudun sautin zuwa 0.8, Spotify da YouTube duk suna da wurin, ki kunna rubutun maganar kina ji kina karantawa, in kin ji kalmar da ta shige miki duhu ki tsayar ki rubuta.

Amma ni roƙona, ku ɗaliban kimiyya me zai hana ku fara naku? Ga man Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe da Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022, mutane nawa ne suka san yadda mai ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa? Ga kwazazzaban da ke cinye gidaje a Gombe duk damina, ga madatsar Dadin Kowa da yadda ruwa ke juyawa ya zama wuta, ga dutsen da Ashaka ke mayarwa siminti. Minti 15 da Hausa, ki gayyato malaminku ɗaya yayi bayani, ki tura a WhatsApp, wallahi har ƙauye zai kai.

Malam, yarona ɗan shekara 17 baya cire abin kunne, hirar ƴan Kannywood da mawaƙa da ƙwallo kawai yake ji. In ƙwace wayar? Daga wata uwa a Fadaman Mada, Bauchi.

Hajiya kar ki ƙwace tukunna. Ki ce ya kunna miki ɗaya ku ji tare, in hira ce ta sana'a da yadda aka sha wahala kafin a yi suna babu laifi, in tonon silili ne da zagin mutane ki nuna masa da bakinki dalilin da bai dace ba. Kunnensa ne ya fi bani tsoro, hukumar lafiya ta duniya tana bada shawarar kar ƙarar ta wuce kashi 60 na ƙarfin wayar, kuma jin da ƙara ta lalata baya dawowa. Ki sa masa doka, lokacin cin abinci da karatu da bayan isha'i a ajiye iyafis.