Kwali Ba Ya Waƙa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Iyafis da Hedfon

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abin saƙalawa a kunne suka zo: iyafis, ƙaramin da ake cusawa, da hedfon, babban da ke rufe kunne ruf. Na tsamo shida. Masu tambayar ko fari ya fi baƙi kyau, ku tambayi madubi.

"Malam, ina buga PUBG, gem ɗin nan na harbe-harbe, a waya. Na sayi iyafis na bulutut, amma sai an harbe ni na faɗi sannan nake jin ƙarar bindigar. Shi ne ya lalace ko wayata?" — Ɗalibi, Zariya

Ƙanena, babu wanda ya lalace. Halin bulutut ke nan. Kafin sauti ya bar wayarka sai an dunƙule shi, an aika ta iska, can kuma a warware shi, wannan hidimar kuwa takan ci kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, wani lokacin ta haura. A waƙa ba za ka lura ba. A YouTube ma manhajar kan ɗan riƙe hoto ya jira sauti, shi ya sa baki ke tafiya daidai da magana. Gem kuwa ba ya jiran kowa.

Maganinka ya fi abin da ka saya araha: iyafis mai igiya. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da Itel har yanzu suna da ramin nan na jona iyafis, mai faɗin milimita 3.5. In wayarka ba ta da shi, kamar iPhone da aka toshe wa nasa tun daga iPhone 7 a 2016, akwai ɗan guntun mahaɗi da ake sawa a ramin caji. Wasu na bulutut suna da tsarin gem da ke rage jinkirin, amma ragewa ce kawai. Masu PS4 da PS5, ku duba ƙasan hannun da kuke bugawa da shi, akwai rami, nan ake jonawa.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da "7.1" a jikin kwali, wato wai sauti zai zo maka ta kowane ɓangare kamar sifikoki sun kewaye ka. Kunnenka biyu, yawancin waɗannan hedfon ɗin ma sifika biyu ce a ciki, sauran dabarar manhaja ce. Abin da ɗan gem ke so shi ne ya ji takun abokin gaba, daga dama yake tahowa ko daga hagu. Mai yawan dum-dum binne takun yake yi.

"Wanne ne ya fi bes? Na ga wani an rubuta 9D Super Bass." — Matashi, Gusau

Ka tambayi mai shagon ina D takwas ɗin farko suka tafi. Rubutu ne kawai, ba ma'auni ba ne. Haka "20Hz–20kHz" da ke jikin kusan kowane kwali: iyakar jin ɗan'adam ce aka kwafa, ba ta faɗa maka komai a kan ingancin kayan. In bes, wato rugugi, kake so har haƙoranka su kaɗa, ka je gidan biki ka tsaya gaban sifika, kyauta ne.

"Wani ya tallata mini AirPods Pro sabo dal a kwalinsa, naira dubu goma sha takwas. Ya ce kwastan ne suka yi gwanjonsa. Na buɗe kusa da iPhone ɗina, hotonsa ya fito a fuskar waya kamar na gaske. In saya?" — Ma'aikaci, Kano

Ɗan'uwa, gyara zama, yau da kai zan yi.

Kamfanin Apple yana sayar da AirPods Pro dala 249 a Amurka. Ɗauki waya ka buga wannan da canjin dala na yau, ka ɗora kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa, sannan ka sake kallon dubu goma sha takwas ɗinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Labarin gwanjon kwastan kuwa ya tsufa, tun muna sayen kaset ake ba da shi.

Hoton da ya fito a wayarka ba shaida ba ce, masu jabu sun daɗe da koyon wannan. Lambar da ke jikin kwali ma kwafo ta suke yi daga na gaske su buga wa dubbai, ka shigar da ita shafin kamfani ta nuna maka komai lafiya. Tun daga iOS 16, wato zubi na 16 na babbar manhajar iPhone, waya kan yi gargaɗi in ta gane na jabu ne, amma shirunta ba wanke shi ya yi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba mai sayarwar ba ne, mu ne. Da yawa daga masu sayen irin wannan sun san jabu ne. So suke a ga farin abu na leƙowa daga kunnensu a wurin ɗaurin aure. To, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bayan wata biyu kunnen hagu ya mutu, akwatin ya daina riƙe caji, in ka kira mutum ya ce kamar daga rijiya kake magana. Sai a sake sayen wani. Kafin shekara ta zagayo an kashe kuɗin da zai sayi na ƙwarai guda ɗaya da garantinsa.

Ni ma ba a bar ni a baya ba, kada ku ce ina wa'azi daga kan tudu. Na taɓa sayen wani hedfon a cunkoson motoci, ta taga, da sunan wani babban kamfani a jikinsa. Kwalin ya fi na turare kyau. Da ya karye a mako na uku na buɗe shi don in ga cikinsa, sai ga 'yar sifika kamar ta abin wasan yara, da guntun ƙarfe da aka manna a gefe don ya yi nauyi a hannu. Nauyin ƙarfen na saya.

Ga abin da na fi so ka yi da kuɗin nan. Ka nemi kamfanin da ya sa sunansa na gaskiya a jikin kayansa, ko da sunan ba ya burge 'yan mata: Oraimo, Soundcore na kamfanin Anker, Redmi, ƙananan JBL da Sony. Su ma ana yin jabunsu, musamman waɗanda suka fi tafiya a kasuwa, don haka wurin da ka saya ya fi sunan muhimmanci. A Farm Centre ko titin Beirut a Kano, a Banex a Abuja, a Computer Village a Ikeja, na ƙwarai da na banza suna rataye kafaɗa da kafaɗa. Ka shiga shago mai ƙofa, wanda in ka dawo jibi za ka tarar da shi. Ka karɓi rasit, a rubuta maka kwanakin garanti a kai. In kwalin yana da wurin kankarewa mai lambar tantancewa, ka kankare a gaban mai shagon. Ka kuma tambaye shi kai-tsaye: "Orijina ne ko kofi?" Da yawansu in ka tambaya ido da ido za su faɗa maka gaskiya. Wanda bai tambaya ba ne ake bari da zatonsa.

Sannan ka gwada kafin ka biya, da abin da kunnenka ya sani, ba da waƙar da mai shago ya zaɓa ba. Sa karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji: muryar ta fito fili, ko kamar an rufe masa baki da bargo? Harafin "sin" yana fita sumul, ko yana sukar kunne? Sa kiɗan kalangu ka ji ko kowane bugu yana fita daban, ko duk sun cakuɗe sun zama rugugi ɗaya. Ka rage ƙara sosai ka ji ko dama da hagu sun yi daidai. Ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka. Mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Na hannu kuma, wanda ake ce wa Landan yus, ko da orijina ne, ka tuna ɗan batirin da ke ciki yana tsufa, shekara biyu zuwa uku ya fara gajiya, kuma ba a canza shi cikin sauƙi. Ga shi ya kwana a kunnen wanda ba ka sani ba.

"Ina aikin shigar da bayanai a kwamfuta, ina sa hedfon kusan awa biyar a rana. Ina sa tabarau, ga hijabi. Kafin azahar kunnena ya yi zafi, kaina na ciwo." — Ma'aikaciya, Sakkwato

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ina kyautata zaton naki irin wanda ke zama a kan kunne ne, yana danne shi a kan ƙafar tabarau. Ki nemi mai faɗin baki wanda kunne ke shigewa cikinsa gaba ɗaya, marar nauyi, wanda ba ya matse kai. Ki je da tabaranki da hijabinki, ki sa shi minti goma a shagon ko da mai shago zai tsuke fuska. Matsewar da ba a ji a minti ɗaya ita ce ciwon kai a awa uku.

Ki duba soson ma. Mai kama da fata yana tare hayaniya, amma a zafin Sakkwato na watan Afrilu gumi zai tara miki, kuma ba ya daɗewa yake fara saɓulewa, ki riƙa tsintar baƙin ɓarɓashi a wuyan hijabi. Mai yadi ya fi shan iska. Ki tambaya ko ana cire soson a sa wani.

In kuma kin gaji da babban, ƙaramin iyafis a ƙarƙashin hijabi ya fi sauƙi. Robobin nan uku da ke zuwa a kwali, ƙarami da matsakaici da babba, ba ado ba ne. Ki gwada duka, wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. In robar ba ta toshe daidai ba, sautin zai yi siriri, ki ɗora wa kayan laifin da ba nasu ba. Ki riƙa cirewa kina goge su, balle lokacin hunturu da ƙura.

"Janaretan maƙwabcina ba ya barin in ji fim da dare. Masu kashe hayaniya suna aiki kuwa?" — Magidanci, Maraɗi

Suna aiki, kuma janareta ne abincinsu. Akwai 'yan makirufo a jiki da ke sauraron ƙarar waje, su fitar da kishiyarta ta soke ta. Sun fi ƙwarewa a ƙara mai kauri da ba ta canzawa: janareta, injin mota, jirgin sama. Kukan jariri da muryar uwargida kuwa za su ratso, kada ka sa rai. Na arha da yawa rubutun kawai gare su. Gwajin ba wuya: kasuwa ba ta rasa janareta, ka tsaya kusa da shi ba tare da ka kunna komai ba, ka danna maɓallin ka kashe. In ba ka ji duniya ta yi tsit ba, ka mayar da jikkunanka aljihu. Don fim, ka zaɓi wanda magana ke fita a cikinsa tangaran, ba wanda fashewar bam ke danne zance ba. Kada dai ka sa shi a kan babur.

"Ɗana mai shekara goma sha shida kullum abin nan na kunnensa, har barci yake da shi. Yanzu ya ce yana jin 'shiii' a kunne in dare ya yi, kuma sai na kira shi sau uku. Hankalina ya tashi. Kurmancewa zai yi?" — Uwa, Katsina

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika lura da wuri. Wani lokacin dattin kunne ne kawai iyafis ya tura ciki ya toshe, likita ya cire a zama ɗaya. Amma ba zan ɓoye miki ba, wannan "shiii" ɗin yakan zama gargaɗin cewa ƙara ta yi wa kunne yawa. Can cikin kunne akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ke karɓar sauti, waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ta kai 90, awa huɗu ne kacal a makon gaba ɗaya. Kin ga ɗan ƙarin da yaro ke yi da babban yatsa ba ƙarami ba ne. Ma'aunin gida mai sauƙi: in kina zaune kusa da shi kina jiyo abin da yake ji, ko kuma sai kin ɗaga murya kafin ya amsa, ya yi yawa. Kada ya wuce kashi sittin cikin ɗari na ƙarar wayar, ya riƙa cirewa yana hutawa bayan kowace awa, barci da shi kuma a daina daga yau. Wayoyi da yawa suna da wurin ƙayyade ƙara a cikin saiti, ki sa yayansa ko wani mai ido a waya ya saita masa.

Kada ki ƙwace da faɗa, zai ari na aboki ne a makaranta, ga cutar kunne ta aro. Kada kuma a ɗiga masa mai ko wani haɗi, kada a soka tsinken ashana ko gashin kaza. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti mafi kusa da ku, ki ce a yi masa gwajin ji. In sun ga da buƙatar a ƙara bincike, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki tafi da iyafis ɗin da wayar, likita zai so ya ga inda yaron ke kai ƙarar. Allah ya ba shi lafiya, ki kuma rubuto mini abin da suka ce.